Gangar da Ta Dawo

Ƙarƙashin gadon Baffa Tanimu, a Gangare,
bayan sadakar arba'in,
muka jawo akwatin ƙarfe, muna zaton takardun fili ne.
Ashe fayafayan garmaho ne, goma sha ɗaya,
ɗaya ya tsage kamar ƙwaryar da jaki ya taka.

Rubutun jikinsu ba Turanci ba.
Ƙanena ya harhaɗa da ƙyar: Ha-ba-na. Ma-tan-zas.
Ya ce, "Matan wa?"
Muka yi dariya a gidan makoki.

Na kai wa Ojelabi mai gyaran rediyo a Nasarawa.
Ya hure allura, ya murɗa hannu.
Da fari shuu, kamar yayyafi a kan kwano,
sai sanduna biyu suka kama gardama:
uku, biyu. Uku, biyu.
Sannan ganga.

Ojelabi ya cire tabarau.
"Wannan bata ce. Gangar gidanmu.
Kalmar nan ma na san ta,
da ita kakata ke gaida rafi,
sai dai ta sha gishiri a hanya."

Yaya fata ta ƙetare teku?
Ba fata ce ta ƙetare ba.
An tuɓe musu riga, an tuɓe musu suna,
amma ba wanda ya caje haƙarƙari.
Can, tsakanin rake da bulala,
suka ƙwanƙwasa akwatin kifi, ya amsa.
Bakin fartanya ya zama ƙararrawa.
Jitar Sifaniyawa ta matso, ta zauna ba sallama,
aka haifi ɗa mai tafiyar uwa da muryar baƙo.

Shi ne ya dawo a baƙin faifai,
jirgin ruwa ya sauke, jirgin ƙasa ya hau da shi dutse,
har Bukur, wajen leburorin kuza,
masu laka har gwiwa ranar Asabar da rana,
masu farin takalmi da dare.

Ngo Kangyang, mai sayar da acca a bakin shagon,
ta leƙo, ta kasa kunne.
"Na Tanimu ne? Tanimu dogo?
Yaro, ba a shiga fili in ya shiga."

Baffan da ko tafi ban taɓa ganin ya yi ba.
Shekara talatin ina kallon yatsunsa a kan tabarma
bayan la'asar, suna bugu a hankali,
uku, biyu,
ni kuwa na ɗauka lissafin bashi yake yi.