Birki Ya Ƙi Saki

Kwana uku ruwa na zuba a ƙauyenmu, gabas da Ringim,
ba yayyafi mai lallashi ba,
irin wanda ke cika kududdufi har kwaɗi su hana mu barci.
Motar Zulai malamar gona
na tsaye a gindin ɗorawar Sallau,
ƙafa huɗu cikin taɓo,
buhu biyar na irin shinkafa a bayanta.

Mota ce marar tari, marar hayaƙi,
wuta take sha kamar wayar hannu.
Ranar da ta shigo gari ko kaji ba su watse ba.

Ran Laraba sama ta yi wasai.
Zulai ta shiga, ta taɓa maɓalli,
allo ya haska, ya ce komai lafiya lau.
Ta taka.
Mota ta yi nishi, ta ɗan rusuna,
ta tsaya cik,
kamar jakin da ya iske ruwa a kan hanya.

Aka aika a kira ni.
Ni Haladu, shekara ashirin da shida ina kwance a ƙarƙashin motoci,
kunnena ne jarina.
Inji ya yi tari, in ce filogi,
ya yi shaƙuwa, in ce kafireta.
To wannan fa, me zan saurara?
Na ɗaga murfin gaba, ba inji, sai igiyar caji a naɗe.
Na laluba hannun birki in ja in saki,
babu hannu, sai ɗan maɓalli kamar ƙwayar gurjiya.

Jama'a ta taru.
Barau mai shayi ya ce a kawo shanun huɗa su ja ta.
Wani ya ce a zuba kananzir.
Tsohuwa Kande ta ce, ku tambaye ta mana,
wataƙila garin ne ya yi mata daɗi.

Na durƙusa a taɓo, na leƙa bayan taya.
Ga shi nan, jawur kamar tofin goro:
tsatsa ta liƙe takalmin birki da faifai
kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Zulai ta ce, irin motar nan ba ta cika neman birki ba,
da ka ɗaga ƙafa ita ke rage gudu da kanta,
ta mayar da ƙarfin cikin batir.
Na ce, shi ke nan.
Ƙarfen da ya daɗe bai gogi ɗan'uwansa ba,
ruwa kaɗan ya ishe shi.

Na ce ta sa gaba, a hankali.
Ta sa baya, a hankali.
Gaba. Baya.
Kamar mai jijjiga goyo ya yi barci.
A karo na bakwai,
ƙwas!
har awakin Sallau suka zabura.
Taya ta juya, yara suka ɗau ihu.

Na ce, in kin hau kwalta ki taka shi sau uku, sau huɗu,
ya ji ɗumi ya bushe,
kada ki ƙara kwantar da ita da jiƙaƙƙiyar ƙafa.
Ta miƙo kuɗi, na ce a ba ni mudun iri.
Ta tafi, ba ƙara, sai sawun taya a laka.

Ina wanke hannu na tuna da Tukur.
Uwa ɗaya, uba ɗaya.
Taku arba'in ne daga garejina zuwa zaurensa,
damina huɗu ke nan tun rabon gonar fadama,
ba faɗa, ba gaisuwa.

Da la'asar na je na tsaya a ƙofar.
Sallama ta maƙale a maƙogwaro.
Na matsa gaba. Na ja baya.
Na sake matsawa.
Da ta fito, da ƙara ta fito, mai tsatsa,
ni kaina ban gane muryar ba.

Shiru.
Can daga ciki
na ji ana laluben takalmi.