Masu Ci Babu Baki

Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutane.
To waɗannan fa, da ba su da fuska,
ba baki, ba ido, ba ko kuka?
Ƙwayoyin hanta ne, miliyan biyu,
kwance cikin jan ruwa a gindin faranti,
akwatin ɗumi na rungume da su
a zafin jikin mutumin da ya bar su ya tafi.

Ni, Chizuru Onodera, ni ke gadinsu.
Dusar ƙanƙara na sauka kan Sendai,
jirgin ƙarshe ya tashi ba ni,
shayina ya huce a bakin taga.

Ɗan aike na tsoma musu:
zaren filatinam, bai kai gashin gira kauri ba,
an shafe bakinsa da enzaim
da aka tatso daga baƙar funfuna,
irin mai cin burodin da aka manta.
Aikinsa ɗaya: ya lasa sukari,
ya karɓi ladansa a lantarki,
ya miƙa wa waya, waya ta miƙa wa allo.
Koren layi na gangara: suna ci.
Rawayan na hawa: tsamin da suke fitarwa,
gumin ma'aikata a ɗaki marar iska.

Kwana tara muna hira a haka.
Sai yau, ƙarfe uku da 'yan mintuna,
koren ya miƙe sambal
kamar igiyar shanya.

Sun daina ci.
Gabana ya faɗi, na tuna tsoho Kumagai
yana goge tabarau da gefen riga:
“Kafin ki yi makokin gari,
duba ko ɗan aiken ne ya suma.”

Na ɗiga sukarin da na san awonsa.
In layin ya zabura, ɗan aike na raye,
mutanen gari ne suka mutu.
Na ƙirga numfashi. Goma. Talatin.
Bai motsa ba.

Ban taɓa murnar mutuwa ba sai yau.
Enzaim ne ya gaji, ya ƙare a bakin aiki,
ba sallama, ba wasiyya.
Na zare shi, na sa ƙanensa.
Layin ya yi tsalle, ya tsaya, ya yi tunani,
sannan ya soma gangara a hankali,
kamar tsohuwa a matakala.
Ashe suna nan, suna cin abinsu,
ba su ma san an yi musu kuka ba.

Ƙarfe shida, can a Shiogama,
babana zai huda yatsa,
ya ɗiga jini kan jikan wannan funfuna,
ya ce mini ta waya, “Lamba ta yi kyau.”
Shi yana da fuska, yana da baki,
shekara arba'in ina karatunsa ban iya ba.
Zan hau jirgin farko.
Zan duba allon da idona.