Ƙamshin Kankana

Ranar Lahadi, Gujungu ta cika ta batse.
Na jingine keke a rumfar Ɗan'azumi mai faci,
na ce ya duba mini taya,
alhali lafiyarta ƙalau.

Shagon na can bayan 'yan riɗi,
shuɗiyar ƙofa, labulen buhu,
wayoyi hamsin na shan caji a tebur guda
kamar 'yan tsaki sun kewaye tsaba.
Sau uku ina wuce shi.
Na taya barkonon da ba zan saya ba,
na tambayi kuɗin igiyar guga,
ni da rijiyarmu ta ƙafe tun bara.

Shekara ashirin da biyu ina zuƙar taba a ɓoye,
bayan an tashi makaranta, a gindin ɗinya,
in bi da goro in kashe wari.
Yanzu ƙirji na kuka da asuba kamar tsohon ƙyaure.
Wani ya ce akwai mai caji,
wai tsani ce ta sauka.
Ban san gaskiyarsa ba,
amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Na ɗaga labule.
Samari huɗu a benci, farin hayaƙi mai ƙamshin alawa.
Dariya ta tsaya cak, kamar an ɗauke wuta.
Ɗaya ya tura tasa cikin hannun riga,
ɗaya ya miƙe ya ba ni wuri,
ni ko ba zama ya kawo ni ba.

Mai shago ya ɗago kai.
Tasi'u.
Tasi'un aji biyar, na bakin taga,
wanda na kama da guntun sigari a bayan aji,
na yi masa bulala shida a gaban makaranta duka,
na yi wa'azi har muryata ta dushe,
kwalin ashana na motsi a aljihuna.

Ya durƙusa. "Malam, ina wuni? Caji ne?"
Ga ƙofa ya buɗe mini, da na sani na bi.
Sai bakina ya riga ni:
"Aike ne. Wani ne, wani maƙwabci."

"To, Malam. Maƙwabcin wanne yake so?
Akwai mangwaro, akwai na'a-na'a, akwai kankana."
Bai yi murmushi ba. Da ma ya yi.
Na tsaya ina kallonsu a jere cikin gilashi,
ja, kore, ruwan ɗorawa, kamar biron yara.
Ni da na tsufa da alli a hannu
na rasa ta inda ake kamawa.

"Kankana," na ce.
Hulata ta jiƙe sharkaf.

Ya nuna mini ramin caji, ya rage murya:
"A gaya masa kada ya ja da ƙarfi, tana sarƙe mutum.
Kuma in ya samu ya bari gaba ɗaya, ya fi.
Haka aka koya mana."

Ya naɗe ta a takarda, ya sa a baƙar leda,
ya ɗora sabulu a kai, kyauta,
don mai leƙe ya ga sabulu.
Na miƙa kuɗi da hannu biyu,
ban san sa'ad da na yi haka ba.
Canjin ma ban ƙirga ba,
ni malamin lissafi.

Ɗan'azumi ya ce taya ba ta da komai.
Na ba shi ɗari, ban dubi idonsa ba.

A hanya, tsakanin gonaki, na sauka.
Na duba gabas, na duba yamma,
ba kowa sai balbela da shanu.
Na ja sau ɗaya, da ƙarfi.
Na yi tari har da hawaye.
Ai ya faɗa mini.

Na tarar da Hansai tana tankaɗe.
Ta ɗaga hanci, ta dubi leda, ta dube ni.
"Malam, ina kankanar?"

Na miƙa mata sabulu.