Ba Ni Shan Ruwan Ƙanƙara

Jikana Arzika ƙanƙara yake sayarwa
a bakin tsohuwar kasuwar Sakkwato.
In azumi ya faɗo cikin bazara
mutane kan yi masa layi, kuɗi a hannu,
kamar masu jiran rabon gado.
Jiya da magariba ya jefa mini guntu a moɗa.
Na ce ɗauke, yaro,
ɗebo mini na randa, ko da ɗumi ne.

Bai san Tumba ba.

Laraba ce, damina na bakin ƙofa.
Tun hantsi zafi ya danne fadamar Rima,
ko ganye bai motsa ba.
Inna ta ce mu bar riguna a gida,
wa ke sa riga cikin wannan wuta?
Mu biyar muka kora awaki:
ni, da Nomau, da Cindo mai yatsa shida,
da 'yar ƙaramar Ige,
sai yayata Tumba,
shekara sha uku, ga wushirya, ga faɗa.

Bayan azahar gabas ta haɗe rai.
Ba irin hadarin da manomi ke wa murmushi ba,
wannan kore-kore ne, kamar ruwan karofi.
Awaki suka ɗaga kai, suka bar ciyawa.
Dutsen farko ya faɗo,
fari fat, girman ƙwan zabo.
Nomau ya ɗauka yana dariya, ya kai baki.

Daga nan sama ta fara jifa.

Babu bukka, babu rumbu,
ƙaya ce kawai da fili.
Tumba ta kwance igiyar guga
ta ɗaure mu hannu da hannu, tamau.
Ƙwarya ɗaya muka zo da ita, ta fura.
Ta zubar, ta kifa mini a kai,
ta kwanta bisa Ige kamar kaza bisa tsako.
Ina jin duwatsu na buga ƙwaryar.
Ina jin waɗanda ba ƙwarya suke bugawa ba.

Da jifa ta tsaya, duhu ya zo da iska,
da wani sanyi wanda garinmu ba shi da sunansa.
Hanya ta ɓace ƙarƙashin fari.
Tumba ta dinga kiran suna.
Nomau! Na'am. Cindo! Na'am.
Ta kira ni, na amsa, haƙora na kaɗawa.
Ta sake zagayowa, ta sake.
Can cikin dare Nomau ya bar amsawa.
Ta kira shi sau bakwai, na ƙirga.
Sai Cindo.
Daga baya
babu mai kira.

Da asuba maza suka iso da ganga da fitilu.
Fadama fari ƙal kamar ranar awon auduga,
tsuntsaye zube ƙarƙashin ƙaya,
awaki talatin ƙafafu a miƙe.
Ƙullin Tumba ya ƙi kwantuwa,
sai da wuƙa Baba ya raba mu.
Ige ta fito daga ƙarƙashinta tana neman nono.
Yau tana Wurno, jikokinta sun fi ashirin,
ba ta tuna komai.

Kafin rana ta take tsaka
abin da ya kashe su ya narke.
Ba sawu, ba makami, ba wanda za a kai wa alƙali.
Ya shige ƙasa abinsa,
gero kuwa ya yi kyau a shekarar.
Muka ci. Me za mu yi? Muka ci.

Ƙwaryar na nan a ɗakina,
tsaga uku, Inna ta ɗinke da kaba.

Arzika ya ce, Kaka, ai ruwa ne kawai.
Na ce na sani.
Ya girgiza moɗar, ƙanƙara ta bugi gefe,
ƙwas, ƙwas,
sai na ji bakina ya ce na'am.