Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Matakala ɗari da arba'in na hau
a wani tudu na Balfaraiso, takarda a hammata.
Jami'a ta aiko ni in auno gajiya,
wannan ne gida na talatin da ɗaya.

Nelida ta turo ƙofa da gwiwar hannu,
yatsunta duk kwaɓin fulawa.
Jikanta Amaro, ɗan shekara tara,
yana jera marafan kwalba a bakin taga:
ja, ja, kore, ja, ja, kore.
Bai dube ni ba, ni ma ban matsa masa ba.
A katinsa likita ya rubuta otizam,
kamar kalma ɗaya za ta ɗauke yaro ɗungurungum.

Uwarsa na can arewa, tana girki a mahaƙar tagulla,
sai ran Lahadi muryarta ke zuwa ta waya.
Kakar ta bar rumfar kifinta a kasuwa
tun ranar da makaranta ta ce ba su da malamin irinsa.

Na karanto tambaya ta goma sha bakwai:
"Daga ɗaya zuwa biyar, yaya nauyin renon yake?"
Ta yi dariya har ta goge ido da bayan hannu.
"Na wace rana, 'yar nan?
Ran Talata biyar ne cur.
Jirgin ruwa ya yi kuka a tasha,
ya toshe kunne, ya shige ƙarƙashin gado,
ban ga fuskarsa ba sai da rana ta faɗa teku.
Ran Alhamis kuwa ya ɗora kai a cinyata,
ba wanda ya ce ya ɗora.
Na daskare kamar mai riƙe da ƙwai,
miya ta ƙone, na bar ta ta ƙone.
To wannan a wace lamba zan sa?"

Na zagaye uku.
Kwamfuta ba ta cin labari, sai lamba.

Da na tashi tafiya na nemi birona na rasa.
Can na hango shi a taga,
kwance tsakanin ja da kore, daidai wa daida.
Na miƙa hannu, Nelida ta riƙe ni.
"Bar shi, ya ba ki gurbi.
Maƙwabciyata shekara uku take jira."

Na sauko matakalar ba abin rubutu.
A rahotona, shafi na sittin,
su ne ɗigo na talatin da ɗaya,
kusa da tsakiyar layi.