Ja Nan

Tsohuwar Fijon Baba na cire wa inji
a garejinmu na Ƙofar Marusa,
na jera mata batura goma sha shida a baya.
Yanzu tafiyarta shiru, kamar kyanwa bisa katanga.

Saura abu guda:
ina zan kafa jan maɓallin
da zai yanke wuta in rana ta ɓaci?

Mannir ya ce ƙarƙashin kujera.
Na ce wanda ya firgita ba ya sunkuyawa.
Ya ce to, a but, kusa da baturan.
In hayaƙi ya tashi,
wa zai kai hannu bakin kura?

Na zauna, na rufe ido,
na saki hannun dama ya faɗi inda ya ga dama.
Ya sauka a ramin da giya ta bari,
inda tafin Baba ya goge shekara ashirin.
Nan na huda.

Da dare barci ya ƙi.
In ni ne a kife a hanyar Mashi,
hannun nan ba ya motsi fa?

Da asuba na ja wata wayar zuwa waje,
na sa mata mariƙi a gefen lamba,
na rubuta da fenti, boko da ajami:
JA NAN.

Wannan ba nawa ba ne.
Na makiyayin da ban sani ba ne,
wanda zai yar da sanda ya iso da gudu
bai tambayi sunana ba.

Mannir ya ce yara za su riƙa ja don wasa.
Su ja.
Gara ta mutu sau goma a tsakiyar kasuwa
ana yi mini dariya.