Faifan da Ba Ya Kiran Kowa

Ruwan Sheffield ne ya koro ni shagon,
ba marmari ba.
Mai shagon, Gethin, dogo mai ɗan kunne guda,
ya dubi jiƙaƙƙiyar rigata, ya miƙo mini faifai:
"Fam goma sha huɗu, in ya yi maka."
Ni kuwa ba na cinikin biri a sama.
Na ɗora abin sauraro a ka, na jingina da kanta.

Waƙar farko jita ce ɗaya tal,
tana tafiya kamar mai ƙaya a dunduniya.
Na jira ganga
har ƙafata ta gaji da shirin rawa.
Da ta zo, a sace ta zo,
kamar baƙon da ya tarar ana zaman makoki.

A Gusau aka yaye kunnena.
Can, mawaƙi in ya buɗe baki sai ya kira wani:
ɗan wane, jikan wane, mai gonar gabas,
'yan amshi su cafe, kalangu ya sa hannu.
Wannan yaron ba ya kiran kowa.
Kansa yake wa magana
kan kofin shayin da ya huce,
kan wasiƙar da ya rubuta ya ƙi aikawa.
Shin ba a gaya masa
ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba?

Na kai hannu zan cire.
Sai ta huɗu ta shigo.

Muryarsa ta karye a tsakiyar kalma,
bai gyara ba, ya bar ta haka.
Ya ce wayarsa na ƙara, yana kallonta,
ya san mai kiran, yana son mai kiran,
amma ba shi da "lafiya lau" ɗin da zai bayar.

Wa ya kai masa gulmata?
Shekaranjiya, bayan aikin dare a asibiti,
sau uku sunan Inna ya haska a kan matashi,
ina zaune da takalma a ƙafa,
ina sauraron bututun ɗumama ɗaki yana tari.

To, ga lissafi:
ba za ta yi wa mota ba, barci za ta sa ni.
Ba zan kunna wa Sagir ba, zai ce wa ya mutu.
Biyu daga ciki tsayinsu ya fi amfaninsu.
Kuma ban saba mutum ya tuɓe zuciya a gabana
ba tare da sallama ba.

Gethin ya ɗaga gira: "Yaya?"
Na ce, "Ba irin tawa ba ce."
Ya gyaɗa kai, ya kai hannu.
Na riƙe.
"Naɗe mini shi, kada ya jiƙe."

Sai a cikin bas, muna hawan tudun Burngreave,
faifai a ƙirji ƙarƙashin riga,
na tuna ko garmaho ba ni da shi.
Na ciro waya. Ƙarfe shida ne a gida.
Ta ɗauka tun kafin ƙara ta biyu.